Sharhin Bayan Labarai: Wasan Sitiyari da Hanyar Gano Tushensa

Sharhin bayan labarai na yau ya duƙufa ne a kan wata matsala ta mota wadda direbobi da yawa suke zaune da ita shekara da shekaru ba tare da sun ɗauke ta a bakin komai ba, wato abin da makanikai suke kira wasan sitiyari. Ana cewa sitiyari yana wasa idan direba ya juya shi dama ko hagu, ya yi 'yar tafiya a banza kafin tayoyin gaba su amsa. Haɗarin wannan matsala yana cikin yadda take shigowa, domin ba ta zuwa rana ɗaya kamar fashewar taya ko ɗaukewar birki, a hankali take ƙaruwa, hannun direba kuma yana sabawa da ita yana cike giɓinta, har ya kai ga mai motar ba ya jin komai, sai baƙon da ya karɓi tuƙi ne zai ce motar tana yawo a kan titi. Wasan da ake ji a hannu jimilla ce ta ƙananan ragogi da suka taru a gaɓoɓi daban-daban tsakanin hannun direba da taya, saboda haka gyara na gaskiya yana farawa ne da bin waɗannan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya har a ga inda motsi yake ɓacewa, tun kafin a sayi kaya ko a ɗaure wani noti.

Sanin gaɓoɓin shi ne matakin farko. Daga sitiyari akwai sandar ƙarfe da ta gangara ta ƙarƙashin dashbod ta ratsa zuwa ɗakin inji, kuma da yake ba a miƙe take tafiya ba, an sa mata gaɓa ɗaya ko biyu masu siffar gicciye, waɗanda ake kira kuros, domin ta iya juyawa a karkace. A yawancin ƙananan motoci wannan sanda tana ƙarewa ne a kan wata 'yar giya mai haƙora, ita kuma tana cizon wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a gicciye tsakanin tayoyin gaba, wanda ake kira rak, ta yadda juyin sitiyari yake komawa turi zuwa dama ko hagu. A kowane ƙarshen rak akwai sanda da ake kira tairod, mai gaɓa ta ciki wadda robar rak ta lulluɓe, da gaɓa ta waje wadda take riƙe da ƙarfen da taya take kai. Shi wannan ƙarfe yana juyawa ne a kan wata gaɓa da ake kira boljoin, wato dunƙulen ƙarfe da ke zaune cikin gurbi mai giris, taya kuma tana gudu a kan boris. Wannan shi ne tsarin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, kuma shi ne na Golf da Corolla da suka cika tashoshin mota a yau. Tsari na biyu shi ne na akwatin sitiyari, wanda ake samu a manyan motocin ɗaukar kaya da tsofaffin Hilux da Land Cruiser na shiga daji, inda juyin sitiyari yake shiga wani akwatin giya, ya fito ta wani hannun ƙarfe da ake kira fitman, sannan ya bi ta doguwar sanda zuwa tayoyi. Gaɓoɓin wannan tsari sun fi yawa, don haka wuraren da raga za ta iya ɓuya a cikinsa sun fi yawa.

Ba kowane wasa ne aibi ba, domin dole a bar ɗan sarari tsakanin ƙarafa masu motsi, amma sararin yana da iyaka, kuma an ƙayyade ta da lissafi. A ƙa'idar binciken lafiyar mota ta shekara-shekara a Birtaniya, idan faɗin sitiyari milimita 380 ne, wasan da aka yarda da shi a bakin da'irarsa milimita 13 ne ga mota mai rak, da milimita 75 ga mota mai akwati, yayin da littattafan gyara na kamfanin Toyota suka saba sanya milimita 30 a matsayin iyaka ga motocinsu da dama. Auna shi ba ya bukatar wata na'ura. Ana tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyin gaba suna kallon gaba sak, a tayar da inji idan sitiyarin mai aiki da mai ne, a sa alamar alli a bakin sitiyari, a juya shi da yatsu biyu a hankali har taya ta fara motsi, sannan a mayar da shi ɗaya ɓangaren har ta sake motsi, tazarar da alamar ta yi tsakanin wuraren biyu ita ce wasan. Dalilin da ya sa 'yar ƙaramar raga take bayyana sosai a hannu shi ne, a mota mai rak zagaye ɗaya na sitiyari yana tura rak kimanin milimita 50 ne kawai, alhali kewayen sitiyarin ya kusa milimita 1,200, ke nan ragar milimita 1 a ƙasa tana iya zama fiye da milimita 20 a hannun direba.

Nauyin wannan lissafi yana fitowa fili idan aka haɗa shi da gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, kuma idan ta karkace daga hanyarta da digiri 1 kacal, tana matsawa gefe kusan rabin mita a kowane sakan. A kan titi mai hannu biyu ba tare da shinge a tsakiya ba, inda faɗin hannu ɗaya bai wuce mita 3 da rabi da 'yan kai ba, sakan biyu ko uku sun isa su kai mota gaban tirela mai zuwa. Direban da sitiyarinsa yake wasa yakan juya, motar ta ƙi amsawa, ya ƙara juyawa, sai ta amsa gaba ɗaya fiye da yadda yake so, ya sake mayarwa da sauri, kuma wannan kai-kawo ne yake kifar da mota mai lodi a sama.

Kafin a tuhumi gaɓoɓin sitiyari, ya wajaba a kawar da wasu abubuwa da suke kawo alamomi iri ɗaya da na wasa. Taya mai ƙarancin iska tana sa mota ta yi jinkirin amsawa, tayoyin gaba biyu masu bambancin girma ko bambancin ci suna janta gefe ɗaya, notocin taya da ba a ɗaure da kyau ba kuma suna sa ta girgiɗi irin na boris da ya mutu. Karkarwar da take zuwa a wani takamaiman gudu ta ɓace idan an wuce shi yawanci ta rashin balansin ce, wato rashin daidaiton nauyi a kewayen taya, ko kuma lanƙwasar rim. Haka nan lodin da ya wuce ƙima a bayan mota, wanda ya zama ruwan dare a motocin haya da na kasuwannin ƙauye, yana ɗage gaban mota ya rage nauyin da ke danne tayoyin gaba, sai sitiyari ya yi sakayau ko da kowace gaɓa lafiyarta lau. Makanikin da ya tsallake wannan mataki yana iya sauya tairod sabo fil, mai mota ya biya kuɗi, ya hau titi ya tarar da matsalarsa tana nan.

Gwaji mafi amfani ana yin sa ne mota tana tsaye a kan tayoyinta, ba a ɗage ba, domin nauyin motar ne yake riƙe tayoyi a ƙasa, ya tilasta wa kowace gaɓa mai raga ta nuna kanta. Aikin na mutum biyu ne, kuma ya fi sauƙi a kan ramin gareji. Ɗaya yana zaune a mazaunin direba, ya ja birkin hannu, yana kaɗa sitiyari dama da hagu, gajeren kaɗi mai ɗan ƙarfi ba tare da tsayawa ba, ɗayan kuma yana ƙasa da tocila yana bin motsin daga sama zuwa ƙasa. Ƙa'idar guda ɗaya ce a kowace gaɓa: ƙarfen da ke shiga da ƙarfen da ke fita su motsa tare a lokaci ɗaya, duk inda na farko ya motsa na biyu ya yi jinkiri, nan ne motsi yake ɓacewa. Ido kaɗai ba ya wadatarwa, shi ya sa gogaggen makanike yake kama gaɓar da tafin hannunsa, yatsu a kan ƙarfe ɗaya, babban yatsa a kan ɗayan, domin ragar da ido bai gani ba hannu yana jin ta kamar ɗan bugu a ƙarƙashin fata.

Ana farawa da kuros na sandar sitiyari, wanda sau da yawa ake mantawa da shi saboda yana ɓoye kusa da fedar birki ko a bayan inji, a duba ko gicciyen ya ci ko notin da ya matse shi a kan sanda ya kwance. Daga nan a dubi jikin rak ɗin kansa, wanda aka ɗaure a kan gangar mota da robobi masu kauri da ake kira bushin: idan robobin sun ruɓe, musamman inda man inji ko man sitiyari yake ɗiga a kansu, za a ga gidan rak gaba ɗaya yana zamewa dama da hagu kafin taya ta motsa. Sai gaɓar tairod ta ciki, wadda ba a ganinta, amma idan aka matse robar rak da hannu har aka kama gaɓar ta cikinta, ana jin bugunta idan ta ci. Sai gaɓar waje, wadda ya kamata ta juya a gurbinta ba tare da ta yi tsalle sama ko gefe ba. Idan duk waɗannan sun tsira, sandar sitiyari tana juyawa amma rak yana jinkiri, to ragar tana tsakanin haƙoran giya da na rak.

Bayan wannan ne ake ɗaga mota, kuma a nan akwai sharaɗin da ba a sassautawa: ba a shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai yake riƙe da ita, sai an tokare ta da abin tsayarwa mai ƙarfi, an kuma sa wa tayoyin baya waigi. Ana kama taya ta gefen dama da hagu a girgiza ta, idan ta yi lako-lako ta wannan fuska zargi yana kan tairod. Sannan a kama ta sama da ƙasa a girgiza, idan ta motsa zargi yana kan boljoin ko boris. Hanyar raba gardama tsakanin waɗannan biyun mai sauƙi ce: wani ya taka birki ya riƙe, a sake girgizawa, idan motsin ya ɓace boris ne, domin birki ya manne taya da ƙarfen da take kai, idan kuwa motsin yana nan to boljoin ne ko bushin na hannun ƙasa, wanda ake kira lowa-am. Boris da ya ci yana kuma da tasa shaidar a kan hanya, wato gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda yake sauya murya idan mota ta shiga kwana.

Boljoin yana bukatar kulawa ta musamman, domin yana iya ɓoye lalacewarsa idan aka ɗaga motar ta hanyar da ba ta dace ba. A motocin da sifirin yake zaune a kan hannun ƙasa, ƙarfin sifirin yana danne gaɓar ya hana ta motsi, saboda haka sai an sa jek a ƙarƙashin hannun, kusa da taya, kafin gaɓar ta saki a ga ragarta. A motocin da sifirin yake naɗe a jikin shokozoba, kamar yawancin ƙananan motoci na yanzu, ana ɗaga gangar motar ne a bar taya tana reto, sannan a zura liba tsakanin hannun da ƙarfen taya a ɗan banƙara. Muhimmancin wannan gaɓa ya wuce batun wasa, domin ita ce idan ta fita daga gurbinta ake ganin mota a gefen titi, taya ɗaya ta kwanta waje, gaban motar ya dafa ƙasa, abin da direbobi suke cewa ƙafa ta cire. Idan hakan ya faru a cikin gari ana tafiya a hankali, asarar ta kuɗi ce, amma a kan babbar hanya lamarin yakan kai ga rayuka.

A motoci masu akwatin sitiyari akwai wani sukuru a saman akwatin, mai noti da ke kulle shi, wanda aka tanada domin rage sarari tsakanin giyoyin ciki, kuma shi ne abin da hannun makanike mai gaggawa yake fara kaiwa gare shi. Kuskuren da ke cikin haka iri biyu ne. Na farko, idan ragar tana fitman ko a gaɓoɓin doguwar sanda, ko kuma kusoshin da suka riƙe akwatin a kan shasi ne suka kwance, ɗaure sukurun ba ya taɓa ta, sai dai ya sa sitiyari ya yi nauyi, direba ya ɗauka an gyara. Na biyu, giyoyin akwatin sun fi ci a tsakiya, inda sitiyari yake wuni idan mota tana tafiya a miƙe, don haka idan aka ɗaure har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya a akwatin da ya tsufa, sitiyari yana iya cijewa idan an juya shi gefe, ya ƙi komowa da kansa bayan kwana. Rak ma yana da irin wannan abin matsewa, kuma hukuncinsu ɗaya: shi ne na ƙarshe da ake taɓawa, kaɗan-kaɗan, ana juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe bayan kowane ɗauri domin a tabbatar ba ya cijewa a ko'ina.

Sitiyari mai taimakon mai, da na lantarki da ya yawaita a motocin zamani, sun ƙara wasu wuraren dubawa. A mai aiki da mai, idan inji yana kashe ana jin wasa fiye da na gaskiya saboda bawul ɗin da ke raba mai yana da nasa ɗan sarari, wannan ne dalilin auna wasa inji yana aiki, kuma man da aka gani ya taru a cikin robar rak shaida ce cewa sil na ciki ya mutu. A na lantarki, wasu motoci suna da 'yar roba mai siffar tauraro tsakanin ɗan injin lantarkin da ke taimaka wa sitiyari da giyarsa, wadda idan ta narke take kawo ƙwanƙwasa a ƙarƙashin sitiyari, kuma rashin sanin wannan yana sa a sauya rak gaba ɗaya a kan abin da 'yar roba za ta magance.

Idan aka koma ga musabbabi, yawancin gaɓoɓin nan suna mutuwa ne ta hanya ɗaya, wato yagewar robar da ta rufe su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: muddin robar tana nan lafiya giris yana ciki, ƙura tana waje, amma da zarar zafin rana ya busar da ita ta tsage, ƙurar hunturu takan shiga ta gauraya da giris ta riƙa goge ƙarfe, ruwan damina kuma ya biyo baya da tsatsa. Ramukan titi, da hawa tudun rage gudu da ƙarfi, da lodi fiye da ƙima, da murɗa sitiyari mota tana tsaye cik a kan kwalta, duk suna gaggauta abin da ƙura ta fara. Saboda haka duba robobin nan a duk lokacin da aka je juyen baƙin mai, da sauya wadda ta tsage tun gaɓar ba ta ci ba, shi ne gyara mafi araha a wannan fanni baki ɗaya.

Akwai kuma gyare-gyaren da suke kawar da alama su bar cutar. Wasu sukan dandaƙe gurbin gaɓa da guduma domin ya matse dunƙulen, wasu su cusa leda ko guntun roba a ciki, wasu ma su kai ga yin walda a kan tairod da ya lanƙwashe ko ya tsage. Duk waɗannan suna hana ƙara na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ya ci ya riga ya ci, zafin walda kuma yana sauya ƙarfin ƙarfe ta yadda zai iya karyewa ba tare da gargaɗi ba. Gaɓar da ta yi raga sauya ta ake yi. A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun sabo mai kyau, da sabo na jabu, da na hannu wanda ake kira Beljiyam, kuma mai saye yana iya gwada na hannu tun a shago: robarsa ta kasance ba tsaga, sandarsa kuma ta yi tauri idan an karkata ta da hannu, domin wadda take faɗuwa gefe da kanta ta gama aiki.

Sauya kaya ba shi ne ƙarshen aiki ba. Duk lokacin da aka taɓa tairod ko rak ko boljoin, saitin tayoyin gaba yana gocewa, kuma ƙirga zaren sukuru da makanikai suke yi wajen mayar da sabon tairod yana kai mota wurin alaimen ne kawai, wato wurin daidaita saitin tayoyi, ba ya maye gurbin alaimen ɗin, wanda rashinsa yake cinye gefen sabuwar taya cikin ɗan lokaci. Notin gaɓa mai tsaga-tsaga a kai yana bukatar sabon fil mai baki biyu da zai hana shi kwancewa, ba ƙusa ko guntun waya ba. A motoci masu jakar iska a sitiyari, idan aka raba sandar da rak dole a ɗaure sitiyarin kada ya juya sakaka, domin akwai naɗaɗɗiyar waya a cikinsa da za ta tsinke. Daga ƙarshe a sake auna wasan da alli kamar yadda aka yi da farko, domin adadin da aka samu kafin gyara da wanda aka samu bayansa su ne hujjar cewa an taɓa inda ya dace.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a Nijeriya a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, suna da hurumin hana motar da ba ta da lafiya hawa titi, sai dai abin da ake iya gani a shingen bincike, kamar taya da fitila da takardu, bai haɗa da gaɓar da ke ƙarƙashin mota ba. Wannan ya mayar da nauyin kan mutum uku: direba, wanda ya kamata ya faɗa wa makanike takamaiman abin da yake ji, ko a kan gargada ne, ko a kwana, ko lokacin taka birki, da mai mota, wanda bai kamata ya ɗauki ƙorafin direbansa a matsayin dabarar cin kuɗi ba, da makanike, wanda ya kamata ya nuna wa mai mota gaɓar da take motsi kafin ya rubuta masa kayan da zai sayo. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tashoshi, waɗanda suke da ikon hana mota yin lodi, za su iya mayar da gwajin alli da girgiza taya sharaɗin shiga layi, tun da abin da yake bukata bai wuce mutum biyu da jek da 'yan mintoci ba, fasinjan da ya biya kuɗin mota kuwa ba shi da wata hanyar sanin halin da ƙafar motar take ciki. Ƙarshen sharhin ke nan.